Tambayoyi da amsoshi kan dirowa daga jirgi da laima: kayan aiki, zaben laima da kiyaye rai

Assalamu alaikum. Tunda na shiga wannan wasa na dirowa daga jirgin sama da laima, kusan duk dan uwan da muka hadu sai ya tsareni da tambaya, wasu mamaki ne kawai, wasu kuma da gaske suke suna so su gwada, musamman yaranmu dake karatu ko aiki a Dubai da Turai da Amurka inda filayen dirar suke. To na tattara wadanda aka fi maimaita min na amsa iya sanina. Yawancin ka'idojin da zan kawo na USPA ne, kungiyar masu dira da laima ta Amurka, saboda su aka fi bi a filaye da dama, in kasar da kake tanada nata to nata zaka bi, kuma maganar malaminka dake tsaye a kanka cikin fili tana gaba da duk abinda ka karanta anan.

Malam, wai idan laimar taki budewa fa, shikenan mutum ya tafi kenan?

A'a. Ba wanda yake fita daga jirgi da laima daya, biyu ne a bayanka, akwai babba wadda kake budewa kullum, akwai kuma ta ko-ta-kwana wadda ke nade tana jira, sannan ga wata 'yar na'ura da ake kira AAD wadda zata bude maka ta biyun da kanta in ka suma ko ka rude ka kai kusa da kasa kana faduwa. A shekarar 2023 USPA ta kirga dira kusan miliyan 3.65 a Amurka, mutum 10 suka rasu. Rai rai ne, ko daya ne da zafi, amma kaga ba yadda ake zato bane.

Abinda nakeso kowa ya rike tun daga nan, kuma shine dalilin da yasa na zauna rubutun nan, babban kaso na wadanda suke mutuwa ko karyewa a wasan nan laimarsu ta bude lafiya lau, ba yagewa ba murdewa, su da hannunsu suka tukata cikin kasa. Ko dai sun zabi laimar da tafi karfinsu, ko sun juya a kasa-kasa, ko sunyi karo da wani a sama. Mutane suna tsoron sakan 60 na faduwa, alhali mintunan dake biyo baya ne suka fi cin mutane.

Irin laimar sojojin laima ce da muke gani?

Ba iri daya bane. Wadda ake fara koyawa sojoji da ita, kamar a Jaji, zagayayya ce kamar kwarya a kife, igiyar dake daure da jirgi ce ke budeta, kuma kusan inda iska ta kaika nan zaka fadi. Tamu kuwa fiffike ce mai kusurwa hudu, yadi biyu sama da kasa an rabasu daki-daki, bakin gaba a bude iska na shiga tana kumburata ta tsaya kyam. Wani Domina Jalbert ne ya kirkirota a shekarun 1960. Tanada linzami biyu, ka ja na dama ta karkata dama, ka ja na hagu tayi hagu, ka ja duka biyun tare tayi birki. Wato jirgi ne karami mara inji kake tukawa, kuma da ka zo sauka babu damar cewa bari in sake zagayowa.

Me da me ke cikin wannan jakar da kuke goyawa?

Jakar kanta da madaurinta abu daya ne, madauri biyu a cinya daya a kirji, sunayen da zaka fi ji sune Javelin, Vector, Mirage, Icon. Kasan jakar babbar laima, samanta ta ko-ta-kwana. Akwai 'yar karamar laima a aljihun gindin jakar wadda kake zarowa ka wurga cikin iska, ita ce take fizgo babbar. Akwai wani kyalle mai zobe hudu da ake cewa silaida, yana sama da farko sai ya rinka zamowa kasa kan igiyoyi yana rage karfin budewa, badan shi ba da gudun kilomita 200 a awa budewar sai ta ji maka ciwo a wuya da baya. A kafada akwai zobe uku-uku da suka rike babbar laima, Bill Booth ne ya kirkirosu a shekarun 1970, su suka sa da jan hannu daya zaka rabu da laimar da ta lalace. Hannun sakin yana kirjinka ta dama, hannun bude ta ko-ta-kwana yana hagu.

Banda jaka sai agogon tsayi na daurawa a hannu, da wani mai kara a cikin hular kwano, da tabarau, da 'yar wuka mai lankwasa ta yankan igiya. Kafin a hau jirgi, da kuma kafin a bude kofa, ana duba uku sau uku, zobe uku, madauri uku, hannu uku. Wannan baya wuce sakan 20 kuma duk yawan dirarka baka girmi yinsa ba.

Ni ban taba yi ba, ta ina zan fara?

Yawanci da tandam ake farawa, a daureka a gaban malami shi yayi komai, kai naka kallo da daga kafa lokacin sauka. A Amurka sai ka cika shekara 18, kuma kowane fili yanada iyakar nauyin da yake dauka, ka tambaya kafin ka biya. In ka ji kanaso da gaske sai ka shiga kwas din AFF, a yini a aji ana koya maka, sannan ka fita da laimarka malamai biyu na rike dakai, daga baya ya koma daya, har a sakeka. Lasisin A yana bukatar dira 25, B 50, C 200, D 500, kowanne da nasa gwajin, ba kirgen dira kadai ba. Duk tsawon koyo kayan fili zaka yi haya, manya-manyan laimomi masu hakuri irin su Navigator, masu girman murabba'in kafa 220 zuwa 280 gwargwadon nauyinka. Kar ka sayi komai a wannan lokacin sai dai tabarau da agogo da hula.

Yaya ake sanin girman laimar da ta dace da mutum?

Anan maganar take. Ana auna laima da murabba'in kafa, mu dai sukwaya muke cewa, shine lambar da kake ji, 210, 190, 170, 150. Abinda ake lissafawa shine lodi, wato nauyin da kowace sukwaya take dauke dashi. Zaka hau sikeli da komai a jikinka, jaka, hula, takalmi, ba nauyinka na asibiti ba, sai ka maida kilo zuwa laba ta hanyar ninkawa da 2.2, sai ka raba da girman laimar.

Misali kai kilo 75 ne, kayanka kilo 12, ya zama 87, a laba kusan 191 kenan. A kan laima 210 lodinka 0.9, a kan 190 ya zama 1.0, a kan 170 ya kai 1.13, a kan 150 kuma 1.28. A takarda sai kaga ai bambancin ba yawa, wallahi a sama ba haka bane, duk sanda lodi ya karu gudun gaba yana karuwa, gudun sauka yana karuwa, in ka juya tana nutsewa kasa sosai kafin ta dawo daidai, lokacin da kake dashi na jan birki kuma yana raguwa. Kuskuren da a kan 210 zai sa ka tashi kana kakkabe kura ana maka sannu, shi dinne a kan 150 zai sa a kira motar asibiti.

Shawarar USPA itace mai lasisin A ko B kar ya wuce 1.0, mai C kar ya wuce 1.2. Akwai kuma jadawalin wani malamin tukin laima Brian Germain da ya hada nauyi da yawan dira, filaye da yawa suna lika shi a bango, ka nemeshi ka duba layinka. Kuma ka gane wadannan lambobin iyaka ce ta karshe, ba wurin da dole sai ka kai ba.

Yaya, ni mace ce kilo 52, an ce min 135 ta isheni tunda lodin 1.0 ne, gaskiya ne?

Kanwata kar ki yarda. Lissafin daidai ne, da kaya zaki kai laba 139 ko kusa, a kan 135 lodin ya dan haura 1.0 kadan, amma lodi ba shine komai ba. Karamar laima igiyoyinta gajeru ne, da kin taba linzami ta amsa nan take, tana juyawa da sauri tana wurgaki gefe, 135 a lodi 1.0 da 210 a lodi 1.0 ba halinsu daya ba ko kusa. Shi yasa USPA take daukar duk laimar da take 150 ko kasa da haka a matsayin ta kwararru komai rashin nauyin mai ita. Marasa nauyi, maza da mata, an dade ana cutarsu da wannan shawarar. Ki zauna a 170 ko ma 190, abinda zaki rasa kawai shine in iska tayi karfi bazaki rinka cin gaba sosai ba, to ranar sai ki zauna a kasa.

Dirata 80, na fara jin 190 dina tayi min sanyi, in koma 170 ko in tsallaka 150 gaba daya kar in sayi laima sau biyu?

Dan uwa wannan tambayar ita tafi tada min hankali domin nima na taba yinta. Na sauka daga 190 zuwa 170 da wuri saboda abokan da muka fara tare duk sun sauka, dira kusan goma komai lafiya tunda akwai iska mai dadi tana tare min gudu, ranar da iska ta dauke tsit na shigo da gudun da ban saba ba, na ja birki a makare, na gurde idon sawu, wata biyu ina dingishi. Nawa da sauki. Na ga wani saurayi da idona, yaron kirki, yana shirin sauka sai yaga kamar zai shiga shinge, ya fizgi linzami daya a tsayin da bai kai bene mai hawa uku ba, laimar ta nutse, shi da ita suka iso kasa tare, kashin cinya da kugu suka tafi. Ya rayu Alhamdulillah amma har yau tafiyarsa bata koma daidai ba. Laimarsa kuwa ko zare bai tsinke ba.

Cewa laima tayi maka sanyi yawanci yana nufin iya abu daya ka sani da ita, kana sauka fuskantar iska a fili mai fadi. Kafin ka rage ka tambayi kanka, kana iya sauka cikin da'irar mita 10 sau da yawa a jere? Ka taba sauka ba iska ko kadan, da iska ta gefe, da 'yar iska ta baya, kuma ka tsaya da kafarka? Ka iya juyawa a kwance, wato kana rike da rabin birki ka karkata ba tare da ta nutse ba? Wannan juyin shine da yaron nan ya iya da ya tsira da kafarsa. Kasan inda laimarka take daina tashi in ka ja birki har karshe, ka gwada a can sama? Ka gwada tukata da madaurin baya, wato wanda igiyoyin bayan laima ke daure a jikinsa saman kafadarka, in linzami ya tsinke? In akwai a'a ko daya to 190 bata gama koya maka ba. Ka shiga kwas din tukin laima, yini daya ko biyu ne, ana daukar saukarka a bidiyo ana nuna maka, kudinsa bai kai kudin daurin karaya ba.

In lokacin yayi, mataki daya ake sauka, kuma kar ka canza girma da samfuri lokaci guda. Ka ari 170 din ka gwada, ka bude da tsayi ka saba da birkinta. Batun kudi kuma, laima mai girman 190 ko 170 bata kwantai, kullum akwai sabon dalibi dake nema, zaka saida taka cikin sauki.

Wane samfuri ya dace da laimar farko, mai daki 7 ko mai 9?

Duka biyun suna yi. Mai daki 9 tafi tafiya nesa kuma birkinta yafi dagawa, irin su Sabre2 da Sabre3 da Pulse na kamfanin Performance Designs dake DeLand a Florida, ko Pilot ta Aerodyne, ko Safire. Mai daki 7 kamar Spectre tafi gangarowa a tsaye, budewarta da laushi, tana da dadin sauka a matsattsen wuri. Wadanda zaka gujewa sune masu tsukakken gefe sosai irin su Katana da Crossfire, balle Velocity da Valkyrie da kwararru ke yin suran shaho dasu, wato su sheko da gudu suna shafar saman ruwa. Wadannan ko murdewar igiya suka yi sai su fara juyi dakai kamar katantanwa kana zubar da tsayi. Koda ka samu babba a cikinsu ba taka bace yanzu.

Yadin yawancin laimomin yanzu ZP ne, iska bata ratsa shi, yana dadewa, sai dai sabo yanada santsi wajen nadi zaka sha gumi. Tsohon yadi F-111 kuwa yana tsufa yana zubar da iska, birkinsa na mutuwa. Igiyoyi ma suna cinyewa, irin igiyar da ake kira Spectra tana kankancewa saboda zafin gogar silaida har laimar ta canza hali, Vectran da HMA basa kankancewa amma suna iya tsinkewa ba tare da sun nuna alama sosai ba, bayan daruruwan dira ana canza saitin gaba daya.

Ta ko-ta-kwana fa, tunda da wuya a budeta ba sai in sa karama jakar tayi kyau ba?

Ka yi tunanin ranar da zaka budeta. Kana kasa da inda ka saba, zuciya na bugawa, watakila ka yi nisa da fili zaka sauka bayan gidan wani ko cikin gona, watakila kafadarka ta goce, watakila ma a sume kake na'ura ce ta bude maka babu mai jan birki. A wannan halin kake son laimar da baka taba tukawa ba ta zama mafi kankanta da ka taba hawa? Ka zabeta kusan girman babbarka, kuma kar ka wuce nauyin da kamfani ya rubuta a jikinta. Jaka ake saya don laimomi, ba laimomi don jaka ba.

Ba kai kake nadeta ba, makanikin laima mai lasisi ne, ya duba ya nade ya sa hatimi ya rubuta a kati. A Amurka duk kwana 180 sai an sake ko an bude ko ba'a bude ba. Ranar da zaka kai masa, ka goya jakar ka ja hannayen biyu da kanka kaji nauyinsu, dama ce da bata zuwa kullum.

AAD din nan dole ne? Tsada gareta.

Filaye da yawa bazasu barka ka hau jirgi ba ita ba, ni kuma ko sun bari bazan hau ba. Wadanda aka fi sani sune CYPRES ta kamfanin Airtec a Jamus wadda ta fito a 1991, da Vigil ta Beljiyam, da m2 ta kasar Cek. Tana auna matsin iska ta gane tsayi da gudu, CYPRES ta masu lasisi in ka kai kusan mita 225 kana faduwa da gudun da ya kai mita 35 a sakan sai ta datse zaren da ya rufe ta ko-ta-kwana. Daga nan zuwa kasa kamar sakan 4 ne, kaga ba abin dogaro bace ka zauna jira, ta karshen karshe ce. A kasa ake kunnata a filin da zaka sauka, in ka canza fili ka kashe ka sake kunnawa. Tanada wa'adi kuma, CYPRES 2 da aka kera daga 2017 shekara 15 da rabi, Vigil shekara 20, in zaka sayi ta hannu ka lissafa shekarun da suka rage.

Akwai kuma RSL, 'yar igiya ce da take zare fil din dake rike ta ko-ta-kwana a rufe da zarar ka saki babba, da Skyhook wadda take amfani da laimar da ka saki ta fizgo maka dayar da sauri. Ga sabon shiga ina goyon bayansu dari bisa dari, amma duk da haka ka ja hannun da kanka kamar babu su.

Zan iya sayen kayan hannu? Sabo yafi karfina.

Sosai ma, yawancinmu da na hannu muka fara, cikakken sabon kaya yana kaiwa dala dubu 10, kuma laimar farko ba zama zaka yi da ita har abada ba. Sharadi daya, kar kudi su fita sai makanikin laima da kai ka zaba ya duba. A aika masa kayan, ya duba lambar kowane bangare da ranar kerawa, yanayin yadi da igiya, ko an taba jikata a ruwan teku, sannan ka biya. Masu damfara suna nan da yawa suna sa hoton kayan wani da farashi mai dadi. Madaurin kuma a auna jikinka, in yayi maka yawa hannayen suna gocewa daga inda ka saba lalubo su. Araha bata ado, in kaga cikakken kaya da kudin da bai kai na AAD kadai ba to akwai magana.

In ya zama naka kar ka barshi a but din mota cikin zafi ko kusa da batir, kar ka shanya laima a rana tana jiran nadi, rana tana cin nailan. Zaren dake rufe babbar jaka da ya fara gashi ka canza, kudinsa ba komai amma in ya tsinke a bakin kofar jirgi zai iya jefa kowa cikin hadari.

Yaushe mutum zai hakura ya saki babbar laima?

Da ta bude ka daga kai ka duba, ta fito? Siffarta daidai, silaida ya sauko? Tana juyawa dama da hagu tana birki? In daya ya fadi kuma ya ki gyaruwa to ba ta sauka bace. Murdewar igiya a babbar laima mai hakuri yawanci da ka ware madauri ka rinka harba kafa zata warware, amma idonka na kan agogo. Dalibi da mai lasisin A suna budewa kafin kafa 3,000, wajen mita 900, kuma zuwa kafa 2,500 dole sun yanke shawara, masu lasisin B, C da D kuma zuwa kafa 1,800. Kasa da kafa 1,000 ba'a saki, sai dai a kara ta ko-ta-kwana a samu yadi a sama iya yadda ya samu. Wadanda abin ya ritsa dasu anan yawanci gyara suka tsaya yi, saura kadan saura kadan, har tsayi ya kare. Kudin sake nadi da neman laimar da ta tafi cikin daji kar su zo maka a rai a lokacin. Ka rinka maimaita jan hannayen nan a kasa kullum kafin ka hau, yadda malaminka ya koya maka, har hannu ya haddace.

Zafi da iska suna canza wani abu?

Kwarai. Iska mai zafi bata da kauri, ta wuri mai tudu ma haka, laimar sai ta kara gudu birki ya rage kamawa. Wanda ya saba sauka a bakin teku kamar Empuriabrava a Sifen in yaje wajen Johannesburg da ta haura mita 1,700 sama da teku zai ji kamar an rage masa laima. In kaje sabon fili irin wannan kar ka hada da sabuwar laima. A wuraren hamada kamar Eloy a Arizona akwai guguwa irin wadda muka sani da rani mai tashi da kura tana juyi, tana iya nade laima a kusa da kasa, in ka hangota ka nisanceta. Bayan gini da bishiyoyi ma iska tana hargitsewa, kar ka sauka ta bayansu.

Dalibi baya dira in iska ta wuce mil 14 a awa. Mai lasisi doka ta barshi da hankalinsa, to ga ma'auni mai sauki, in kaga masu dira dubu-dubu sun zauna suna shan shayi sabbin shiga ne ke rububin jirgi, kaima nemi kujera. Da muguwar rawa gara kin tashi.

Wajen sauka kowa yana bin tsari daya, a bi iska a kafa 1,000, a karya a 600, a fuskanci iska a 300, daga nan ba babban juyi. Wanda yake kasa dakai shi keda hanya. Kanka ya rinka juyawa kana duba mutane kafin ka karkata. Kuma sauka da laima a mike a saman kanka, ko iska na bayanka ne, yafi juyin karshe don neman fuskantar iska nesa ba kusa ba.

Yaushe zan sa kyamara a hula?

Bayan dira 200, haka USPA ta bada shawara, rigar fiffike ma haka. Karamar kyamara tana iya kama igiya, amma babbar matsalarta hankali take dauka, mutum yana duba ko fitila na ci ya manta madaurin kirji.

Hijabi fa, ko azumi, ko mura?

Mata da yawa suna dira da kansu a rufe, a sa dankwali ko hula mai kama kai a karkashin hular kwano, a cusa komai cikin rigar dira. Abinda ba'a so shine duk wani yadi mai yawo da zai rufe hannayen kirji ko ya nade 'yar karamar laima, wannan har maza masu sakin riga. Ki fadawa malaminki tun a kasa ku gyara tare, kuma kina iya tambaya ko filin yanada malamar tandam mace. Azumi kuwa ni dai bana dira da yammacin azumi a lokacin zafi, kishi da yunwa suna rage kaifin tunani kuma a sama iskar shaka ta ragu, in zaka yi kayi da safe. Mura da toshewar kunne ka hakura, saukowa da wannan gudun tana iya fasa dodon kunne. Wanda yayi nutso da tulun iska a teku ya jira awa 24.

Na dade ban yi ba, in dawo kawai in cigaba daga inda na tsaya?

A'a, akwai ka'ida. Mai lasisin A in ya wuce kwana 60 sai ya sake bita da malami, mai B kwana 90, masu C da D kwana 180. Wannan ya shafi 'yan uwanmu da suke zuwa hutu sau daya a shekara suyi dira 20 su koma gida, irinku bai kamata ku rinka kirga dira kamar wanda yake fili duk sati ba. Da ka dawo ka duba katin ta ko-ta-kwana da wa'adin AAD, ka hau sikeli domin watakila an kara kiba lodi ya canza, ka yi haya ko aron laima mai girma mataki daya sama da taka na dira biyu uku na farko, ka bude da tsayi, sannan ka koma kan taka.